Koren Zare a Wuyan Kwalba

Ranar sha ɗaya ga azumin bana na kashe firjina. Na zare wayarsa daga bango, ya yi 'yar rawar nan da ya saba yi, sannan ya yi shiru. Sai a lokacin na gane ashe shekara uku ke nan shi kaɗai ke magana a gidan nan in ba ni ba.

Firjin ya girmi duk 'ya'yana, kuma ya fi su ci. Tun da aka sa mana mita mai kati muke zaman haƙuri da shi, amma da aka ƙara kuɗin wuta sai abin ya wuce haƙuri. Katin da kan kai ni sabon wata, yanzu kafin in gama danna lambobin in juya baya mita ta fara kuka. Ɗana Aminu, da ke aiki a Sakkwato, shi ke turo min katin ta waya. Ya kira ni da hantsi.

"Baba, ko dai fanka ko tsohon nan. Kai kaɗai ne a gida, ruwan wa kake sanyayawa?"

"Na jama'a."

"Jama'a nawa, Baba?"

Na ce masa layin ba kyau, ba na jin sa.

Jama'ar dai mutum ɗaya ce. Mamman ne, taubashina, ɗan gwaggona. A ƙa'ida shi ne bawana tunda shi ɗan mace ne, amma shekara hamsin ke nan yana musun haka. Duk azumi, kowace safiya, zai tsallako layin dogo da sandarsa da gwiwarsa mai ciwo, ya ajiye kwalbar ruwansa mai koren zare a wuya. In rana ta yi sanyi ya dawo mu zauna a zaure mu jira kiran salla. In ya tafi, ba wanda zai sake yi min sallama sai shi ɗin dai, gobe. Shi ya sa da na zare wayar nan, na tsaya ina kallon kwalbarsa a hannuna, na rasa inda zan sa ta. In ba sanyi, wace hujja tsoho mai ciwon gwiwa zai ba 'ya'yansa ta tsallaka rabin Kaura sau huɗu a rana?

Na kunna rediyo don in ji motsi. Aka ce 'yan majalisa sun kira hukumar da ke tsayar da farashin wuta, suna ta yi mata faɗa a kan ƙarin da ta amince da shi, talaka na biya wutar ma ba ta zama. Wani daga cikinsu ya ɗaga murya har sai da rediyona ya yi gumi. Na gyara zama, na ce madalla, ga 'yan'uwana sun taso. A raina har na tsara cewa za su rage kuɗin kafin la'asar in mayar da wayar, Mamman bai sani ba. Sai mai labarai ya ce an ɗage zaman zuwa wani mako. Su suna da wani mako, ni kuwa la'asar ɗaya gare ni.

Ina nan zaune, zafi na saukowa daga kwanon rufi, sai wani azumin ya faɗo min, wanda ya zo daidai irin wannan lokaci shekara talatin da 'yan kai da suka wuce. Azumi zagaye yake yi, ya bi ta damina, ya bi ta sanyi, ya dawo ya same ka a bazara inda ya bar ka, sai dai ka tsufa.

A shekarar na auro Hajo daga Badarawa, can wajen Shinkafi. Ba ta san kowa ba a Kaura. Ni kuma kullum ina tashar jirgi wajen lodin gyaɗa, daga safe sai yamma. Ban taɓa tambayar kaina yadda take wuni ba. In na dawo na tarar da tuwo da tsakar gida a share tas, har ƙasar ta fara ramewa don shara, sai in ɗauka komai lafiya.

Firjin na saye shi wajen wani ma'aikacin jirgin ƙasa da zai koma garinsu. Ragona biyu suka tafi a kansa. Ranar da muka turo shi a amalanke, mutanen da suka biyo mu sun isa a yi sallar Juma'a da su. Muka kafa shi a shigifa, tsakanin zaure da cikin gida, ta yadda Hajo za ta iya zuwa masa ta ciki, ni kuma ta waje. Inna, mahaifiyata, ta zo daga Zurmi ganin sa. Ta tsaya ta ji yana gurnani, can ya yi rawar nan tasa. Ta shiga ɗaki ta ɗauko bargona ta lulluɓe shi.

"Inna, mi kika yi haka?"

"Ba ka ganin shina rawar ɗari? Abu na ɗauke da sanyi cikin ciki, ku bar shi tsirara."

Sai da na kira malamin makaranta ya yi mata bayani, kuma ko a nan ba ta yarda ba, haƙura ta yi.

Da azumi ya kama, unguwa ta gano mu. Gidan liman suka fara aiko kwalba, sai gidan mahauta, sai masu saƙar tabarma na bayanmu. Kwana uku kwalabe suka rikice, har aka kusa ɓatawa tsakanin gidaje biyu a kan wata kwalbar man gyaɗa. Hajo ce ta warware. Tana ɗinkin hula, tana da zare kala-kala, sai ta ɗaura wa kowace kwalba nata a wuya: ja na gidan liman, baƙi na mahauta, fari da ƙulli biyu na masu tabarma. Mamman, wanda a lokacin ya baro Gurbin Bore ya buɗe shagon ɗinki kusa da mu, ya ce shi sai kore.

"Matarmu, ki ɗaure shi da kyau," in ji shi ta bakin ƙofa. "Mijinki ɓarawo na, tun muna yara shika shanye min fura."

Tsarin ya zauna. Da hantsi mata su shigo da kwalabe, su ɗan tsaya, tsayuwar ta zama zama, zaman ya kai azahar. Wata ta kama mata tsinkar zogale, wata ta karɓi taɓarya. Da la'asar sakaliya maza su taru a zaure da gindin dogon yaron ƙofar gida, Hajo ta buɗe firji ta ciki tana miƙo min, ni ina kiran zare kamar mai rabon gado. Na fara dawowa gida ina jin dariyar Hajo tun daga waje.

Shekarar ba ta da daɗi. Daminar da ta wuce ruwa ya ɗauke gero na cikin fure, rumbuna suka yi rabi. Kafin azumi ya raba an fara auna hatsi da ido biyu. Kunun da ake damawa, in ka leƙa kwanon kana ganin fuskarka, har ka gyara hula. Ƙosai sai ranar Juma'a. Rijiyar unguwa ta koma laka, sai an je Gulbin Gagare an tona yashi an jira ruwa ya taru kaɗan-kaɗan a kwasa da ƙoƙo. Zafi kuwa, ni na ga ƙadangare da idona ya tsaya bakin inuwa yana shawara da kansa ko ya tsallaka hanya, ya fasa. Da rana gari kan mutu, ba ka jin komai sai kukan kurciya. Leɓe ya tsage, harshe ya zama kamar tsohon takalmi. A irin wannan hali, maƙurwa uku na ruwan sanyi da magariba ba ƙaramin abu ba ne. Akwai dattijon da ya rantse min yana jin saukarsa har babban yatsan ƙafa.

Ran tara ga wata hadari ya haɗu gabas, baƙi ƙirin. Kowa ya fito da roba da masaki. Sai iska ta zo ita kaɗai, ta bar ruwan a baya. Ta yaye rufin gidaje, ta ɗauke akuyar maƙwabcinmu ta dire ta a wata unguwa, aka ce har can ba ta daina tuƙa ba. Ta kuma kwantar da turakun wutar layinmu guda shida. Ko ɗigo bai sauka ba.

Washegari aka yi gayya. Da azumi a bakinmu muka tona ramuka, muka ɗaga turakun da igiya da kafaɗa, Mamman na ba da umarni daga inuwa. Muka tsayar da su cak kafin azahar, muka aika wa masu wuta cewa mun gama namu, saura waya. Suka ce suna zuwa.

Na koma gida na tarar da Hajo tsaye gaban firji, ƙofarsa a buɗe, ɗumi na fitowa. Kwalabe goma sha ne jere a ƙasa, don mata sun kawo da safe kamar kullum, ba wadda ta yi tunanin dainawa.

"Sai a mayar wa kowa da tashi," na ce.

Can ta ce, "Malam, aro min jakin Mamman. Yashi nika so, na gulbi. Da buhun algarara, in ka samu tasha."

Yadda ta yi, a Badarawa ta koya wajen kakarta. Ta wanke buhunan ta yayyanka, ta naɗe kowace kwalba, ta jiƙa sharkaf. Wasu ta binne su zuwa wuya cikin jiƙaƙƙen yashi a inuwar katanga, kusa da randa. Wasu ta rataye a igiya a bakin ƙofar shigifa inda iska ke ratsawa. Ta zauna da faifai tana fifita su, in buhu ya fara bushewa ta yayyafa ruwa. Ruwan da muka wahala muka ɗebo, rabinsa a nan ya tafi. Na yi magana ta ce da na wanke-wanke take yi. Na karɓi faifan na yi ɗan lokaci, hannuna ya nemi ya bar jikina ya koma Zurmi.

Da la'asar ta yi sanyi sai na ga ta kwance buhunan, ta goge kwalaben, ta jera su cikin mataccen firji, ta rufe.

"Hajo, wa za ki ruɗa? Garin duka an san ba wuta."

"An sani."

"To mi ab amfanin sa su ciki?"

Ta dube ni. Leɓenta ya bushe ya yi fari. Ta ce, "In ka miƙa masu daga cikin yashi, gobe kowa ya yi a gidanshi. Yashi ko'ina akwai."

Ban gane ba sosai a lokacin. Ni dai na ga mace ta wuni tana fifita ruwan mutane da azumi, na ce wannan gidan an yi rashin hankali biyu, na mai yi da na mai kallo.

Maza suka taru kamar kullum. Hajo ta buɗe firji da ƙarar nan tasa ta roba, ta fara miƙowa, ni ina kiran zare. Liman ya karɓi tasa, ya taɓa ta a kunci, ya ce, "Ma sha Allah, injin nan da albarka yake." Ba wanda ya yi dariya. Da aka kira salla aka sha. Sanyin ba irin mai sara haƙori ba ne, sanyi ne mai laushi, kamar na ƙasan rijiya. Mamman ya shanye tasa ya goge baki.

"Bawana, firjinka ya hi aiki a mace. In wuta ta dawo kada ka yarda."

Haka muka yi kwana ashirin. Kowace safiya kwalabe su zo, kuma na lura mata sun fara zuwa da mafici a hannu, wai saboda zafin hanya. Sai a zauna bakin shigifa, ana hira, hannaye na kaɗawa, kuma ko da wasa iskar ba ta nufin fuskar mai fifitar. Matar sarkin fawa ta riƙa aiko tulu guda na ruwa, ta ce na alwalar amarya ne. Da yamma mazajensu su zo su karɓi kwalba daga firji su yaba wa Bature da ya ƙera shi. Unguwa guda, da limaminta, muka haɗu a kan magana ɗaya, ba wanda ya taɓa tona ta.

Ran ashirin da bakwai ruwa ya sauka da la'asar. Ƙamshin ƙasa ya tashi har ya sa ni yunwa. Muka tsaya a zaure muna kallo, ba mai iya buɗe baki, ruwa na zuba a banza daga indararo. Hajo ta fito tsakar gida ta tsaya cikinsa da faifanta a hannu. Masu wuta kuwa sun cika alkawari: sun zo kwana huɗu bayan salla, lokacin da kowa ke shan ruwa sanda ya ga dama.

Daga baya kwalaben suka yi ta raguwa. Aka samu masu sayar da ƙanƙara a kowace kwana, aka samu ruwan leda, gidaje suka sayi nasu firjin. Liman ya rasu, masu tabarma suka tashi. 'Yan'uwan Hajo da kan zo daga Badarawa su yi mana goman ƙarshe suka daina, hanyar ba ta biyuwa yadda aka saba. In zare ya rage sai Hajo ta mayar da shi cikin gwangwaninta. Damina uku ke nan da rasuwarta. Ranar da aka share makoki, kwalba ɗaya ce ta rage.

To ita ce a hannuna ran sha ɗaya ga wata, ga mataccen firji, ga majalisa ta ɗage zama.

Na tashi neman buhun algarara. Yanzu duk na leda ne, sai da na zagaye kasuwa kafin wani mai gyaɗa ya zaro min ɗaya daga ƙarƙashin mazauninsa. Gulbi ya yi min nisa, na ɗebi yashi a bokiti inda ake wani gini a bayan layinmu. Na naɗe kwalbar, na jiƙa, na binne ta zuwa azahar, sannan na rataye ta bakin shigifa. Faifan Hajo na nan a rataye inda ta bar shi. Na zauna ina fifita kwalba ɗaya a gida mai ɗaki biyar. Ƙusar da take ɗaura igiya tana nan, har da sauran zare a jikinta. Ba wanda ya shigo da mafici. Na yi wa kwalbar hira kaɗan, na ba ta labarin majalisa, ba ta nuna sha'awa ba.

Da rana ta yi sanyi na goge ta na sa cikin firji. Sai na tuna da gurnaninsa: Mamman kunnensa ya fi gwiwarsa lafiya. Na ƙure muryar rediyo.

Ya iso yana dogara sanda, ya zauna kan tabarma da ƙyar. Rediyo na maimaita labarin safe.

"Mi ka faruwa, bawana, kurumta ta kama ka?"

"Ina bin zancen wuta na. Sun matsa wa hukuma lamba."

"Su matsa. Kashe shi, kaina na ciwo."

Na kashe. Shirun ya cika zauren, har ina jin ƙudan da ke kan dabino. Mamman ya kalli ƙofar shigifa, ya kalle ni, ya ci gaba da jan carbinsa. Na yi tari sau biyu don in cike gurbin firjin, na ga abin ba zai ɗore ba.

Aka kira salla. Na tashi na buɗe firji da ƙarfi don robar ta yi ƙara, na ɗauko. Na ce, "Kore," kamar akwai wasu. Ya karɓa, ya ci dabino, ya yi bismilla ya kafa kai. Ina kallon maƙogwaronsa. Ya sauke kwalbar, ya shinshina wuyanta.

"Wanga yashin ba na Gagare ba na. Siminti shika wari."

Ya sake shinshina ta.

"Kuma ita wanke buhun takan yi kahin ta jiƙa. Kai ka ba ni kunun gyaɗa."

"Mamman, kuɗin wutar ne," na ce. "Aminu ya ce in zaɓa. In ka ga wahalar zuwan ta yi yawa, ba komai, akwai masu ƙanƙara kusa da ku."

Ya yi dariya har da tari. "Ƙanƙara? Shekara biyu ke nan da yaran nan sunka kafa mani firji mai aiki da hasken rana. Ruwa na daskarewa ciki sai an sa mai guduma. Jikokina har hura suke sakawa."

"To mi ka kawo ka nan da wagga gwiwa?"

Ya juya kwalbar a hannunsa. Zaren ya koɗe, ya kusa zama fari, ƙullin dai na nan yadda Hajo ta yi shi. Sau biyu ya sake kwalba cikin shekarun nan, kowane karo a hankali yake zare zaren ya mayar wa sabuwa ba tare da ya kwance ba.

"Can gida ba su san kore nawa na ba," in ji shi. "Tashi mu tai masallaci, bawan banza. Ka riƙa mani hannu."

Bayan salla ya wuce gida, na dawo ni kaɗai. Ban kunna fitila ba don akwai sauran haske. Na kwance buhun na wanke shi sau uku da sabulu, na shanya a igiyar Hajo. Na zubar da yashin ginin a bayan gida.

Da hantsi sai ga sallamarsa. Kwalba a hannu ɗaya, sanda a ɗayan, ga wani tsohon mafici ya soke a ƙugu. Bayansa mai amalanke ne da rabin buhun yashi, jiƙaƙƙe, yana ƙamshin gulbi. Na dubi maficin.

"Zahin hanya," ya ce, ya raɓa ni ya shige shigifa.